Gidan da na saya da rani

A watan Maris na 2023, ana gab da ɗaukar azumi, na biya naira miliyan 13 na karɓi makullan gida a wata sabuwar unguwa da ke gefen Kano. Ɗaki uku da falo, kicin, banɗaki biyu, tsakar gida da ɗan soro. Kafin damina ta biyu ta sauka gidan nan ya ƙara lamushe sama da miliyan 5, kuma kusan duka a kan ruwa suka tafi. Har yau in na wuce gidan sayarwa na ga yana ƙyallin sabon fenti, sai in ji raina ya ɓaci.

Kuɗin sayen ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Na sayar da kasona na gonar gado, na kwashi adashi, na ci bashi marar ruwa daga ƙungiyar ma'aikata ta wurin aikinmu, sannan uwargida ta kawo sarƙarta da 'yan kunne na zinare ta ce a haɗa. Abokan aiki sun yi ta ce mini in nemi rancen asusun gidaje na ƙasa, tunda dama ana cire mana kashi 2.5 cikin 100 na albashi ana zubawa can. Amma rancen yana da ruwa na kashi 6 cikin 100, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ko da ta kwanta ma, sai gida mai cikakkiyar takardar gwamnati suke karɓa jingina, wanda na samu kuwa awon igiya ne, wato filin da mai gona ya yanka da kansa ba gwamnati ba.

Ciniki bai ba ni wahala ba. Lokacin ana fama da ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, masu sayarwa sun matsu, mai gidan ya sallama da wuri. Dillalai suka karɓi la'adarsu kashi 5 cikin 100, lauya ya rubuta yarjejeniya ya karɓi nasa, aka sallami shaidu, aka kai gaisuwa wurin mai unguwa. Waɗannan duk na san da su, na tanade su. Abin da ya rage a hannuna bayan an gama bai kai dubu 400 ba, shi ma ya tafi a motar kwasar kaya, fankoki da labule. Na shiga gidan ba ni da ko sisi a ajiye, kuma ban damu ba, don a ganina gida ne da ba ya buƙatar ko ƙusa ɗaya. Fenti sabo ciki da waje, tayil a falo, silin fari tas.

Ruwan farko da na biyu ba su nuna komai ba, ƙasa tana da ƙishi ta shanye. Sai da Agusta ta shigo. Wani dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, muka farka muka tarar tsakar gida ta cika har idon sawu, kuma ba daga sama ruwan yake zuwa ba kawai. Na lungu yana shigowa ta soro, na masai yana dawowa ta banɗaki. Da gari ya waye ruwan ya janye, amma sanyin bai bar gidan ba. Cikin 'yan makonni fentin ya fara kumbura daga ƙasa zuwa daidai ƙugu, in ka taɓa sai ya ɓare, ka ga tsohon yaɓe a ƙarƙashi ya yi fari da gishiri yana zuba kamar gari. Bangon baya ya tsage daga sama har ƙasa. Kafet ya ruɓe, ƙafafun gado da na kujeru suka sha ruwa suka buɗe. Kayan ɗakin uwargida ne waɗannan, na aurenta, kuma ita ce ta sayar da zinarenta don mu shiga gidan. Ba ta ce mini uffan ba, ta dai riƙa fitar da kaya rana tana shanyawa. Wannan ya fi kuɗin yi mini ciwo.

Wani dattijo da ke zama a ƙofar masallacin unguwar shi ya warware mini zancen. Na gaishe shi na ce, "Baba, dama haka layin nan yake da damina?" Ya ce, "Ɗana, ai inda gidanka yake bakin kududdufi ne. Nan muke haƙar ƙasar gini da, nan ruwan unguwa yake taruwa. Da bola aka cike shi aka yanka fulotai. Da ka tambaye ni kafin ka biya, da na faɗa maka." Duk wanda ya tashi a Kano ya san kududdufai. Ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasa aka gina gari, su kuma suka zama matattarar ruwan sama. Yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai, ruwan kuwa bai manta hanyarsa ba. A unguwar awon igiya abin ya fi muni, don ba wanda ya fitar da magudana tun farko. Mai gona ya ja igiya ya yanka, ya bar siririn lungu, kowa ya gina nasa ya ɗaga daɓensa sama da na maƙwabci. Wanda ya riga kowa gini shi ke komawa ƙasa, kuma gidana yana cikin na farko a layin.

Maginin da na kira ya ɗauki guduma ya fasa gindin bango ya leƙa, ya ce, "Alhaji, ba a sa leda ba, ba a zuba kankare a kan fandisho ba. Bulo aka ɗora kawai aka wuce." Ke nan ba abin da zai hana damshi hawa bango. Ya nuna mini inda aka kankare tsohon yaɓe aka shafe da sabo aka bi da fenti. Wanda ya yi wannan aikin ya san abin da yake rufewa.

Na koma wurin wanda ya sayar mini. Ya ce shi bai ɓoye komai ba, na zo na gani da idona. Dillalin da ya riƙa kirana safe da yamma kafin a biya ya daina ɗaga waya. Na kai maganar wurin malaminmu, ya ce a shari'a wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa, ya kuma karanto hadisin da ke cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Gaskiya tana wajena. Amma da na zauna na yi lissafi sai na ga mayarwar ma asara ce. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, an saki naira a watan Yuni kasuwa ta riƙa yanka mata farashi, komai ya tashi. Miliyan 13 ɗin da zan karɓa, in ma na karɓe su bayan doguwar shari'a, ba za su sayi irin gidan ba. La'ada da kuɗin lauya kuwa sun riga sun tafi. Dattawan unguwa suka shiga tsakani aka yi sulhu, ya ba da dubu 500. Na karɓa don girman waɗanda suka zauna, ba don ta kai ba.

Ba a gyaran damshi da damina, sai an jira ƙasa ta bushe, kuma dama ba ni da kuɗin farawa. Wannan jiran shi ya ninka mini hasarar. Lokacin da na sayi gidan, buhun siminti bai kai dubu 5 ba. Da na tashi aiki a farkon 2024 ya haura dubu 10 a kasuwa. A watan Fabrairu na shekarar ministan ayyuka ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin dubu 7 zuwa 8, amma mai shago a unguwa abin da ya sayo yake kallo, ba abin da aka faɗa a Abuja ba. Rodi ya tashi, tifar yashi da ta marmara sun tashi saboda dizal, lebura ma ya ƙara kuɗin yininsa, kuma ba ka ganin laifinsa don kwanon shinkafa ya faɗa masa abin da zai ce. Da a ce ina da ko miliyan 2 a ajiye tun ranar da ruwan ya shigo, da na sayi rodi da bulo da marmara na jibge, na biya kuɗin siminti a wurin dila ya riƙe mini. Wanda bai da ajiya yakan sayi kaya ranar da suka fi tsada.

Aikin da aka yi ba ƙarami ba ne. An rushe bangon baya aka haƙa har aka wuce bola aka iske ƙasa mai ƙarfi, aka tada shi da ginshiƙan rodi. Sauran bangwaye aka riƙa yanka su kaɗan-kaɗan a gindi ana cusa leda da kankare, in wannan gaɓa ta kama a matsa gaba. Aka fasa tayil, aka zuba marmara aka ɗaga daɓen gidan duka, aka shimfiɗa leda aka zuba kankare. Da daɓe ya tashi sai ƙofofi suka gajarce, dole aka cire su aka ɗaga. Aka sake haƙa sokawe nesa da inda ruwa ke kwanciya. Siminti wajen buhu 170 ya shiga. Iyali suka koma gidan mahaifiyata har aka gama, ni kuma kullum in na tashi daga aiki ina wurin, don in ba ka tsaya a kan kwaɓi ba, buhun da aka ce ya shiga bango sai ka gan shi ya fita ta bayan gida. Abu biyu suka rage mini kashewa: na yi jinga da magini a kan kowane sashe maimakon biyan yini, kuma ni nake zuwa sayen kaya da kaina. Fenti kuwa na ƙi yi. Na bar bangon da filasta har damina ta zo ta wuce na ga ya tsaya a bushe, sannan na shafa.

Kuɗin gyaran bashi ne a kan bashi. Ƙungiya ta ƙara mini, yayana ya ranta mini, na sayar da babur ɗina. Akwai watannin da abin da ke shigowa hannuna bayan an cire bashi bai kai abin da nake samu lokacin da nake biyan haya ba.

Ban da ruwan, akwai ƙananan ɓarakar da mai haya bai san da su ba, don a kan mai gida suke faɗawa. Tsohon mai gidan ya bar bashin wuta a kan layin, ban duba ba sai da aka zo yanka. Unguwar ba famfo, kullum sai 'yan ga-ruwa, kuma kuɗin jarka ya bi kuɗin mai. Kowane wata akwai kuɗin 'yan sintiri da na masu kwasar shara, in taransifoma ta lalace a yi karo-karo. Nisa ma kuɗi ne. Gidan hayar da na bari yara da ƙafa suke zuwa makaranta, yanzu sai Adaidaita Sahu safe da yamma, bayan litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 600 cikin 'yan watanni a 2023. Arahar gidan bayan gari wani ɓangarenta a titi ake biyanta.

Sai takarda. Abin da ke hannuna yarjejeniyar ciniki ce da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Tana da amfani, amma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, kuma takardar shaidar mallaka daga wurinsa take fitowa. Neman ta yana da kuɗin fam, kuɗin safiyo, kuɗin rajista, bayan ta fito kuma akwai harajin ƙasa na shekara-shekara. Na buɗe fayil na fara bi, ina biya kashi-kashi yadda hali ya yi. Wanda zai sayi gida mai takarda shi ma kada ya ɗauka ya huta. Ya je ma'aikatar ƙasa a bincika masa fayil, ya ga ko akwai bashin haraji na shekaru da aka tara, don in ya saya shi zai gaje shi, kuma mayar da sunan zuwa nasa sai da amincewar gwamna, ita ma da kuɗinta.

Wanda yake da miliyan 13 ya nemi gidan miliyan 10. Na san yadda maganar take da ɗaci ga wanda ya gaji da sallamar mai gida duk ƙarshen shekara, don ni ma wannan gajiyar ce ta sa na zuba duk abin da na mallaka a kan farashi. Amma ɗaki ɗaya da za ka rasa ana iya ƙara shi daga baya. Kuma ka ga gidan da damina, a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In mai sayarwa ba zai jira ba, to ka je da magininka, ba na dillali ba, ka ba shi kuɗin yininsa ya ƙwanƙwasa gindin bango, ya buɗe murfin sokawe ya ga inda ruwa ya tsaya, ya auna tsayin daɓe da na lungu. Ka dubi bangon maƙwabta ta waje, su ba su yi fenti don kai ba, layin damshi yana nan a jiki. Ka zauna da dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin ka tambaye shi me ke nan kafin a yi gidaje. Duka wannan ba zai ci maka dubu 20 ba. Sabon fenti a tsohon gida kuwa, ka tambayi dalilinsa, ka sa farce ka kankare kusurwa ɗaya a gaban mai shi.

Tun da na samu sauƙin bashi na koma biyan haya, amma wa kaina. Abin da nake ba tsohon mai gidana a shekara na raba shi goma sha biyu, duk wata ina turawa wani asusu dabam da ba ni da katinsa. Daga nan aka gyara kwanon da iska ta ɗaga bara, ba tare da na buga wa kowa waya ba. Daga nan kuma nake tara kuɗin sarƙar uwargida, ko da yake zinare ya yi nisan da sai a hankali.

Gidan yanzu a bushe yake, alhamdu lillahi, amma ruwan da na kora daga tsakar gidana a lungu yake tsayawa, ya nufi gidan wata bazawara mai marayu da ke ƙasa da ni. Mun zauna mu masu gidajen layin mun yanke za mu ja kwata mai murfi har bakin kwalbatin babban titi. An raba kuɗin gida-gida, an ɗauke mata nata. Mutum biyu har yanzu ba su kawo ba, su ne waɗanda gidajensu ke kan tudu, kuma magini ya ce in ba a fara haƙa kafin ruwa ya sauka ba sai wata shekarar.