Ruwa a Agusta, takarda a Satumba: yadda kanibo ke shiga kasafin birnin Damagaram

Duk damina labarin ɗaya ne a Damagaram. Hadari ya haɗo daga gabas, a yi ruwan awa guda, titi ya koma gulbi, katangar laka ta jiƙe ta zauna. Washegari dattawan unguwa su sa mai unguwa gaba har ƙofar meri, wato ofishin hukumar birni, a karɓe su da mutunci, a ce an ji, su koma gida. An ji ɗin kuwa. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne kuɗin shekarar tun ƙarshen bara aka raba su, wanda ya zo a watan Agusta ya tarar an kwashe tuwo har an wanke tukunya.

Garin nan a kan dutse yake zaune. Duwatsun da ake gani a Birni, tsohuwar unguwar garin, kawunansu ne kawai suka fito, sauran na shimfiɗe ƙarƙashin ƴar ƙasa marar kauri. Shi ya sa rijiya ba ta da albarka a cikin gari, har sai an jawo ruwan sha daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Kuma shi ya sa ruwan sama ba ya samun wurin nitsewa. Abin da ke sauka a shekara bai wuce kamar milimita 400 ba, amma mafi yawansa cikin Yuli da Agusta yake zuwa, wani lokaci a dare ɗaya. Ruwan milimita 50 a kan hekta guda mita kubik 500 ne, wato tano mai lita 200 har guda 2,500. Idan hektar nan rufin kwano ce da siminti da kwalta, kusan dukansa titi zai bi. A da tabkunan cikin gari ke shanye shi. Yanzu wasu an cike bakinsu da shara, wasu an yanka fegi a kan hanyar da ruwa ke bi ya iske su. Daminar 2024 ta nuna iyakar abin, lokacin da tsohon masallacin Birni, ginin ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba.

To wace ƙofa ake bugawa? Nan mutane da yawa ke ɓata takalmi. Tun dokokin 17 ga Satumba 2010, Damagaram tana cikin birane huɗu masu matsayi na musamman, tare da Yamai da Maradi da Tawa, kuma an kasa ta arondisma biyar. Arondisma reshe ne na birni: ba shi da asusun kansa, abin da babbar meri ta ware masa da shi yake aiki. Takardar haihuwa, sa hannu a kan kofi, tsabtar unguwa, ƙananan rigingimun maƙwabta, duk wurinsa ne. Gina sabon kanibo, wato magudanar ruwa ta siminti, ya fi ƙarfinsa, sai babbar meri. Idan kuma magudanar a gefen babbar hanyar ƙasa take, RN1 da ta taso daga Yamai ta wuce Difa, ko RN11 da ta sauko daga Agadas ta Tanut ta nufi Magarya, hanyar ta gwamnatin ƙasa ce, ofishin ayyuka na jiha ke da magana a kanta. Meri za ta iya isar da kuka, ba za ta fasa kwaltar da ba tata ba.

Kafin 2024 akwai konseye, wato wakilan jama'a a majalisar birni, da aka zaɓa a watan Disamba 2020, kuma ta bakin konseyen unguwa buƙata ke shiga zauren majalisa. A lokacin Sarkin Damagaram da ƴan majalisar dokoki suna da kujera a zaman, suna ba da shawara amma ba sa jefa ƙuri'a. A watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun, aka naɗa kantomomi a birni da kowane arondisma. Mutanen sun canza, amma tsarin kuɗin bai canza ba: shekarar kasafi daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba take, gwamnan jiha ne ke duba ko abin da aka tsara ya bi doka, kuma ba a kashe dala sai da layinta a cikin kasafi. Bambancin da ya shafi talaka shi ne babu konseyen da zai tare a masallaci ya tuna masa. Nauyin ya koma kan mai unguwa da kuma takarda.

Doka ta ce a kammala kasafin baɗi kafin 31 ga Oktoba. Sau da yawa yakan zarce zuwa Nuwamba ko Disamba, amma kada wannan ya ruɗe ku, domin jerin ayyukan tun kafin zaman ake haɗa shi. Ma'aikatan fasaha na meri da na tsabta su ke tattara buƙatu, a ɗora su a kan shirin zuba jari na shekara, wanda shi ma daga babban shirin raya birni na shekara biyar ake tsamo shi. Aikin da bai shiga jerin nan ba sai dai ya jira gyaran kasafi na tsakiyar shekara, shi kuwa galibi rage abu ake yi a cikinsa. Su ma masu ba da tallafi, irin aikin raya birane na Bankin Duniya da ake kira PIDUREM, abin da ke rubuce cikin shirin birni suke dubawa. Saboda haka Satumba ne watan ku. Alamar ruwa na nan a jikin bango, ramin da ya zaizaye bai cike ba, kuma ba a rufe jeri ba. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sai a san abin da ake nema, don aljihu biyu ne. Yasar kanibon da ke akwai, wato kwashe rairayi da leda, daga kuɗin tafiyar da aiki take fita, aljihu ɗaya da albashi da man mota da kuɗin wuta. Gina sabo ko faɗaɗa tsoho daga aljihun zuba jari ne. Doka ta tilasta a kai aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum zuwa wannan aljihu na biyu. A takarda ana cika sharaɗin. Matsalar ita ce kasafi hasashe ne. Ana rubuta abin da ake sa ran samu daga lampon da masu unguwanni ke tattarawa, da tikitin kasuwa irin su Dole, da tashoshin mota, da mahauta, da kabu-kabu, da allunan talla. Ana ƙarawa da harajin da ofishin haraji na ƙasa ke karɓa, kamar patanti, wato harajin sana'a, da harajin gidaje, a maido wa birni kasonsa ta baitulmali, da kuma tallafin da ke biyowa ta ANFICT, hukumar ƙasa mai ba ƙananan hukumomi kuɗi, da aka kafa a 2008. Idan abin da ya shigo bai kai hasashe ba, albashi ba ya jira, bashin wuta da ruwa ba ya jira. Kanibo ne ke jira. Wanda ke son ya san gaskiyar meri ya nemi ganin lissafin ƙarshen shekara, inda ake jera abin da aka yi hasashe da abin da aka karɓa da abin da aka kashe. Kasafi da kansa ba ya nuna wannan.

Akwai kuɗi ɗaya da ya kamata a sa wa ido, na sayar da fegi. Yana shigowa da yawa kuma da sauri, shi ya sa meri mai ƙishirwa ke son sa. Amma duk rabon fegin da aka yi ba a bar wa ruwa hanya ba, bashi ne aka ci da sunan kasafin shekara goma masu zuwa. A ganina wannan ne babban abin da ya kai wasu sababbin unguwanni cikin ruwa, ya fi ledar da kullum ake ɗora wa laifi.

Ko an sa aikin a kasafi, kuɗin ba a aljihun kantoma suke ba. Shi umarni yake bayarwa, ma'ajin birni ke biya, kuma doka ta raba su da gangan. Ana fara ɗaure kuɗin a kan layinsu, a ba ɗan kwangila aiki, a je a duba an yi a lissafa abin da ya cancanta, a rubuta takardar umarnin biya, sannan ma'aji ya biya idan takardu sun cika kuma akwai kuɗi a asusu. Babban aiki kuma sai an yi kiran ƴan kwangila an buɗe tayi, wanda ke cin makonni. Aikin da ba a fara takardunsa a Janairu ko Fabrairu ba, da wuya a gama shi kafin ruwan farko. Shi ya sa ake ganin an haƙa rami a Yuni, ruwa ya zo ya cike shi, a ce ɗan kwangila ya gudu, alhali sau da yawa kason farko na kuɗinsa ne bai fito ba.

Yanzu ita takardar. Wadda ke cewa "muna cikin wahala, a taimaka mana" tausayi kawai take samu. Wadda ke aiki ita ce mai lissafi, domin ma'aikacin fasaha zai iya ɗaukar ta ya mai da ita layin kasafi ba tare da ya sake fita rana ba. Ku samu igiyar awo ku auna tsawon wurin, daga ina zuwa ina, da sunan masallaci ko lakkol ko shagon da kowa ya sani. Ku auna faɗin kanibon da zurfin rairayin da ya cike shi a wuri uku ko huɗu. A ce tsawon mita 200 ne, faɗi santimita 80, rairayi ya kai santimita 60: mita kubik 96 ke nan. Idan motar ben tana ɗaukar 8, sawu 12 za ta yi. Ku ƙirga gidajen da ruwa ya shiga da katangun da suka faɗi, ku ɗauki hoto da alamar ruwan a bango, a tsayar da sanda ko mutum a gefe don a ga tsayinsa. Ku faɗi inda ruwan ya kamata ya ƙare, wane tabki ko wace babbar magudana. Sannan ku rubuta abin da unguwa za ta ɗauka: matasan fada (majalisar samari) kaza da shebur da burweti na kwana kaza, meri ta kawo mota da mai. Buƙatar da ta zo da rabin maganinta ita ake fara ɗauka idan kuɗi sun yi kaɗan.

Mai unguwa ya sa hannu da hatiminsa, liman da shugabar mata da na matasa su biyo baya. Ko da yake tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa, takardun ofis har yanzu da Faransanci suke tafiya, don haka a samu wanda ya iya ya rubuta, a karanta wa jama'a fassararta kafin kowa ya dangwala. A yi kofi uku. Ɗaya ta arondisma, ɗaya ta babbar meri, ta ukun a sa sakatariya ta buga mata hatimi da kwanan wata da lambar shiga, ku riƙe. Kada a miƙa takarda hannu da hannu ga wani babba a wurin suna ko jana'iza, cikin aljihun babbar riga za ta kwana. Bayan mako biyu a koma da lambar nan a tambayi ofishin da aka tura ta. A Janairu a sake komawa, tambaya ɗaya tak: aikin ya shiga kasafi, a wane layi?

In Allah ya sa ya shiga, saura sa ido a kan aikin, don kanibo da yawa tun ranar gini suke mutuwa. Na farko gangara. Masu aikin sukan nemi aƙalla rabin santimita a kowace mita, wato mita guda a tsawon mita 200, don ruwan ya yi gudun da zai tafi da rairayi. Wanda aka shimfiɗa a kwance kwandon tara ƙasa ne. Na biyu mafita: daga ƙasa ake fara gini a hauro sama, idan aka fara daga sama kuɗi suka ƙare a tsakiya, an tattaro ruwan unguwa guda an juye wa ta gaba. Sai marufi. Dal ɗin siminti na hana shara faɗawa, amma in an liƙe su gaba ɗaya ba a bar waɗanda ake ɗagawa ba, babu mai iya yasa, kuma ba a sanin ya cike sai ranar da ya yi amai. Titin rairayi da ke zubowa cikin kanibo yana son ɗan rami a bakin shiga inda ƙasa za ta kwanta a riƙa kwashewa. Bututun wanka da na masai da ake saka wa a ɓoye kuwa su ke mai da magudanar ruwan sama gidan sauro shekara duka, kuma hana wannan aikin jami'an tsabta ne, suna da ikon tara.

Ita yasa a watan Mayu ya kamata a yi ta, a makara a farkon Yuni. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fito da ƙasar a jibge a bakin kanibo a ce mota na zuwa. Kwana biyu ko uku ya ishe ta tsanewa. In ta wuce haka awaki da yara da iska za su fara mai da ita, ruwan farko ya ƙarasa. Kada matasa su sa shebur sai an tsayar da ranar motar da wurin da za a zubar, kuma wurin kada ya zama bakin tabkin da ruwan zai je.