Kewayen Marlborough a Kan Keke

Yayana ne ya fara kawo maganar. Ya daɗe da zama a kudancin Ingila, kuma tun da ya sayi keken da ake ƙerawa musamman domin hanyoyin burji da tsakuwa, ba shi da wata hira sai ta hawa da gangara. Da na kai masa ziyara a watan Satumba, sai ya aro mini irinsa a wajen wani abokin aikinsa, muka ɗora su a bayan mota muka nufi Marlborough, wani tsohon garin kasuwa da ke gundumar Wiltshire a bakin kogin Kennet. Da ganin keken za ka ce na tsere ne, saboda kansa a lanƙwashe yake, amma tayarsa ta fi kauri, faɗinta milimita 40, kuma babu tif a cikinta, sai wani farin ruwa mai danƙo da ake ɗurawa domin ya toshe huda da kansa. A lokacin na ɗauki wannan duk a matsayin ƙyale-ƙyalen masu son kaya.

Da yammacin Juma'a muka gwada ƙafa a dajin Savernake, wanda ke kudu maso gabas da garin. Akwai wata hanya a tsakiyarsa da aka shata a ƙarni na 18, miƙaƙƙiya sambal har fiye da kilomita 6, manyan itatuwa sun yi mata rumfa dama da hagu. Tsakuwa ce ta gaske, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya, keken kuma yana tafiya kamar ana tura shi. Wannan hanya ce ta yaudare ni, domin na kwanta da tunanin haka gobe za ta kasance.

Asabar ranar kasuwa ce. Tun shekarar 1204 Sarki John na Ingila ya ba garin takardar izinin cin kasuwa, kuma har yau tana ci ranar Laraba da Asabar a tsakiyar babban titin, wanda faɗinsa ya isa a kafa rumfuna motoci kuma su wuce ta kowane gefe, ga coci a kowane ƙarshensa. Muna ratsawa ana sauke kaya, Yaya ya nuna mini tuddan da ke arewa da garin, ya ce da yawa daga hanyoyin da za mu bi burtali ne na dā, waɗanda makiyaya suka riƙa koro tumaki ta kansu zuwa kasuwanni irin wannan, saboda haka duk inda muka ɓata, gangara za ta maido mu.

Muka fita ta tsohon layin dogo da ya nufi Chiseldon, wanda jirgin fasinja ya daina bi a 1961, aka cire ƙarafan aka bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Da yake jirgi ba ya son hawa, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, tana bin kwarin wani ƙaramin rafi mai suna Og. A ƙauyen Ogbourne St George muka rabu da ita, kuma a nan ne Yaya ya tsayar da ni gaban wani turke ya koya mini karatun kibiyoyi. Rawaya tana nufin turbar masu ƙafa kaɗai, shuɗiya ta masu doki ce, ja kuwa har mota tana iya bi. Wata doka ta 1968 ce ta halatta wa mai keke bin hanyar doki, da sharaɗin ya kauce wa mai ƙafa da mahayi. Galibin waɗannan hanyoyi ta cikin gonakin mutane suka ratsa, don haka duk ƙyauren da ka tarar a rufe, wajibi ne ka mayar da shi yadda ka same shi.

Daga nan hawa ya fara. Muka kama wani dogon doron tudu da ake kira Smeathe's Ridge, wanda babu komai a kansa sai gajeriyar ciyawa da tumaki suka kiwace, ga iska tana dukanmu ta gefe. Ciyawa tana cin ƙarfin mai keke fiye da yadda ido ke zato. Na sauko har giyar ƙarshe, amma ji nake kamar wani ya riƙe sirdin ta baya.

“Yaya, wai ina tsakuwar?” na tambaye shi ina haki.

Ya yi dariya ya ce, “Ai sunan keken ke nan, ƙanena. Ƙasa ba ta yi maka alkawari ba.”

A ƙolin tudun akwai Barbury, wani sansanin mutanen zamanin ƙarfe da ya haura shekara 2,000, mai ganuwar ƙasa ribi biyu da gwalalo, kuma hanya ta bi ta tsakiyarsa ta fita ɗaya ƙofar. Daga kan ganuwar ana hango garin Swindon can ƙasa ta arewa. Hanyar da muke kai ita ce Ridgeway, mai tsawon kilomita 139, wadda masana suka ce an yi aƙalla shekara 5,000 ana binta. Sai da na tsaya a can sama na fahimci dalilin da ya sa mutanen farko suka zaɓi doron tudu suka bar kwari: tuddan nan na alli ne, alli kuwa yana shanye ruwa, alhali kwarin yana cike da kurmi da taɓo, kuma wanda ke sama yana hango mai zuwa tun daga nesa.

Allin nan shi ne ya ba ni kashi. Mun wuce tudun Hackpen, inda aka kankare ciyawa aka fitar da siffar farin doki a 1838, sai wani ɗan yayyafi ya sauko wanda bai kai minti goma ba. Busasshen alli yana da tauri da saurin tafiya kamar daɓe, amma da ya jiƙe sai ya koma kamar sabulu. Ƙari a kan haka, motocin gona sun haƙa wa hanyar dogayen ramuka biyu masu zurfin da feda ke taɓa gefensu, tsakaninsu kuma ɗan doro ne da bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Na shiga ɗaya daga cikin ramukan da gudu, na ga ya fara ƙuntata, na yi ƙoƙarin hawa gefensa tare da matse birkin gaba, kuma ban san lokacin da tayar ta zame ba sai ji na yi kafaɗata ta bugi ƙasa. Ban ji ciwo sosai ba, gwiwa ce kawai ta ɗaye, amma gefena na dama duk ya yi fari fat kamar an shafa mini farar ƙasa. Yaya ya dawo da baya, ya duba hular kwanona, sannan ya ce wanda ya shiga rami sai ya haƙura ya bi shi har inda ya ƙare, ya kuma riƙa kallon nesa maimakon bakin tayarsa.

Ba mu yi nisa ba na ji wani sauti, fis-fis-fis, yana zuwa daidai da juyawar taya, farin ruwa kuma yana feshi a ƙafata. A cikin allin akwai dutsen ƙyastu, baƙi mai sheƙi, wanda idan ya fashe bakinsa ya fi wuƙa kaifi, kuma da shi mutanen dā na wannan yanki suka yi gatura da kan kibiya. Wani ɓallinsa da bai kai farcen ɗan yatsa ba ne ya tsaga tayar baya. Yaya ya zare shi, ya juya tayar yadda hudar za ta kalli ƙasa ruwan ya taru a wurin, da ya ga ta ƙi toshewa sai ya cusa mata wani ɗan zaren roba mai danƙo da abu kamar basilla, ya yi famfo, muka ci gaba. Duka-duka ba a yi minti biyar ba. Daga wannan lokaci na daina kiran abin ƙyale-ƙyale.

A gangaren da ya nufi ƙauyen Avebury muka ci karo da wata mata a kan doki. Tun daga nesa Yaya ya rage gudu ya ɗaga murya ya gaishe ta, domin doki yana firgita da abin da ya zo masa shiru ta baya, amma idan ya ji muryar mutum sai ya natsu. Hanyar ta kai mu har cikin da'irar manyan duwatsun da mutanen dā suka kakkafa a Avebury, ta ƙofar gabas. An kafa su kimanin shekara 4,500 da suka wuce, da'irar waje kaɗai tana da dutse kusan 100 a farko, kuma girmanta ya kai har wani sashe na ƙauyen yana cikinta. Mutanen ƙarni na 17 da na 18 sun farfasa da yawa da wuta da ruwa sun yi gini da su, sai a shekarun 1930 wani mai binciken kayan tarihi, Alexander Keiller, ya tono waɗansu ya sake tsayar da su, ya kafa ƙananan turakun siminti a gurbin waɗanda suka ɓace. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gwalalon yana cikin ganuwa ne, ba a wajenta ba, wato ba domin tsare gari daga mahara aka yi shi ba. Tun 1986 wurin yake cikin jerin wuraren tarihi na duniya tare da Stonehenge, wata da'irar duwatsun da ke Wiltshire.

Komawa sai da muka sake hawa tudun da muka gangaro, na tura keken a ƙasa a wurare biyu ba tare da jin kunya ba. Daga can muka faɗa Fyfield Down, wani fili da irin waɗancan duwatsu suke kwance birjik a cikin ciyawa, launin toka, har na rantse garken tumaki ne sai da muka matso. Muka tsallaka filayen da ake horar da dawakin sukuwa, hanyar ta koma tsakuwa mai daɗi, ta riƙa gangarawa da mu a hankali ba tare da mun taka feda ba har muka hango hasumiyar coci. Agogon keken Yaya ya nuna kilomita 30 da 'yan kai, amma sun cinye mana wuni guda. Mun shiga babban titin ana naɗe rumfuna, wani dattijo da ke loda akwatuna a mota ya dubi farin da ke kafaɗata, ya ɗaga kai ya dubi tuddan arewa, ya tambaye ni ko an yi ruwa a can sama.