Daga Aboabo zuwa iyakar Burkina da jakar robar famfo

Kuɗin wannan tafiya a masallatan Aboabo da Asawase aka tara shi bayan sallar Juma'a, wasu kuma ta momo, wato kuɗin waya, suka turo. Niyyar jama'a da farko ita ce a haƙa sabuwar rijiyar burtsatse a ƙauyukan da 'yan gudun hijirar Burkina Faso suka sauka, a kafa allo da sunan ƙungiya. Wani dattijo mutumin Zebilla da ke sayar da albasa a nan Kumasi ya taka mana birki. Ya ce, "'Ya'yana, ku je ku gani tukuna. Rijiyoyi suna nan birjik, ruwa ne ba sa bayarwa." Sai muka ɗauki mai gyaran famfo, da wata nas 'yar unguwarmu, da kwalayen magani, muka hau motar dare.

Techiman, Kintampo da gadar Buipe duk cikin barci na wuce su. Gari ya waye mana a Tamale. Da muka doshi Walewale hira ta mutu a cikin mota, don kowa ya san a ƙarshen 2024 an tare motoci a wannan hanya an kashe matafiya saboda rikicin Bawku. Rigimar sarauta ce tsakanin Kusasi da Mamprusi, tun kafin a haife mu, ta sake tashi a ƙarshen 2021. Mu a Kumasi a rediyo muke jin ta, sai kuma lokacin da Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ya kira ɓangarorin fadarsa ta Manhyia a 2025 don sulhu. A can kuwa ita ke yanke wa mutum motar da zai hau da kasuwar da zai ci.

A wani shinge wani mai kaki ya sauke mu. Bincike ban ƙi shi ba, wurin da bindiga ke yawo dole a buɗe kaya. Amma mutumin nan ya zura wuƙa ya farke kwali har ya huda ledojin gishirin zawo, garin ya zube a ƙasa. Da ya ji muna Hausa sai ya ce mu fito da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, wai 'yan zango ba a san daga inda suke ba. Kakana a Kumasi aka binne shi. Nas ɗinmu ta miƙa masa takardar aikinta ba ta ce uffan ba, ya juya ta gaba da baya, ya bar mu a rana har ya gaji don kansa. Wannan magana ta fi asarar maganin yi mini ciwo, har yanzu tana cina.

A Bolgatanga na leƙa shagon kayan famfo, sana'ata ce, ba na iya wucewa. Robar da nake sayarwa a Kumasi, a nan ta kusa ninka kuɗi, mai shagon kuma ko sisi ya ƙi ragewa. Zabi kuwa araha, har na yi mamakin yadda ake yanka mu a kansu a gida.

Mai masaukinmu a Zebilla ƙanen dattijon nan ne. Kafin gaisuwa ta yi nisa matarsa ta durƙusa ta miƙo ƙwaryar farau-farau, daga baya tuwon zafi da miyar kuka da zabon da aka yanka dominmu. Na matsa zan ba da wani abu na cefane, ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, kada ka kunyata ni a gidana." A Kumasi yanzu baƙo fiya wata ake saya masa a bakin ƙofa, shi ke nan an gama karɓarsa.

Washegari muka shiga ƙauyukan wajen Sapeliga, inda Burkina take nan kusa, sai ka taka ta ba ka sani ba. Tun 2015 ƙasar ke fama da 'yan bindiga, zuwa 2023 mutum fiye da miliyan 2 sun bar gidajensu. Waɗanda suka tsallako nan yawanci mata ne da yara, kuma kafin wata ƙungiya ta iso, mutanen ƙauye ne suka ba su ɗaki da gero da ruwa. Famfon da aka yi wa gari ɗaya ya koma shayar da gari biyu, ana buga shi tun asuba har dare. Dole ya gaji.

Na farkon da muka tarar Afridev ne, irin na hannu. Hannun yana motsi sakayau, ba nauyi, ba ɗigo. Mai gyaranmu ya kwance kan, samari suka taya shi zaro rodin ɗaya bayan ɗaya suna jerawa a kan ciyawa don kada ƙasa ta taɓa. A ƙarshe ya ɗago fistin ya nuna mini: wata 'yar roba ce kamar zoben hannu ta cinye ta tsage. Saboda ita mata ke tafiya da galan Kufuor, jarkar nan ta ɗibar ruwa, zuwa busasshen rafi, su tona yashi su jira ruwa ya tsatso, shanu na sha a gefe. Na tambayi dalilin da ba a canja ba. Suka ce da a kasuwar Bawku ake sayowa, yanzu ba kowa ke iya shiga ba. Ga dokar hana fita, an kuma taɓa hana hawa babur a garin, alhali mai gyaran famfo da babur yake yawo. Kafin la'asar ruwa ya fito, da fari ja, daga baya garau. Wata tsohuwa 'yar Busanga ta kama hannun mai gyaran da 'yar Hausarta tana cewa, "Ɗana, Allah shi biya."

Nas kuwa ba ta huta ba. Ƙaramin asibitin ƙauyen ma'aikaciya ɗaya ta rage a ciki, sauran sun nemi canjin wuri saboda tsoro, kuma ban ga laifinsu ba. Yaran da aka kawo zawo ne da zazzaɓin cizon sauro. Tana mintsinar fatar cikin yaro ta saki, in ba ta koma da sauri ba ta san ruwan jikinsa ya ƙare, sai ta haɗa gishirin zawo da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Da ta kawo Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwan sha, ƙwaya ɗaya a galan mai lita 20, a jira minti 30, matan suka ce ruwan na warin asibiti, wasu suka ce yana hana haihuwa. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta cika kofi ta shanye a gabansu, ta cika wani ta miƙo mini.

Mun biya ta Tarikom, sansanin da Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana da takwararta ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, suka buɗe a 2023. Akwai tsari a can, amma da yawa sun ƙi komawa, dabbobinsu da danginsu na bakin iyaka. Su ne taimako ke tsallakewa, su da masu masaukinsu.

Bawku ba mu shiga ba, mai masaukinmu ya hana. Ragowar robobi da sifana mun bar wa matar da ke riƙe da kuɗin famfo a kowane ƙauye, mai gyaranmu ya nuna wa samari yadda ake canjawa. Dawowa motar ta lalace a Kintampo, muka kwana a tasha. Ranar Juma'a zan ba da bayanin kuɗi a masallaci, kuma zan roƙi a bar zancen allo, abin da ya rage a sayi roba da rodi a aika Zebilla kafin zafin Maris ya kankama.