Ambulan mai lamba 9

Laraba. Sha ɗaya ta wuce, barci ya ƙi zuwa.

Yau gashin mutum 14 muka samu a aikinmu na auna guba a jikin mutane. Aikin ba wuya: a yanko ɗan tsili daga ƙeya, dab da fatar kai, a ɗaure gindinsa da zare, a sa a ambulan, a rubuta lamba maimakon suna. Gashi na tsirowa kusan santimita 1 a wata, don haka santimita 3 na gindi labarin wata 3 ne na abin da ya shiga jiki.

Gida na tara ne ya tsaya mini a rai. Na tarar da wata dattijuwa tana tsefe wa jikarta kai, duk gashin da ya kama a mataji sai ta dunƙule ta cusa a gefen zani. Na durƙusa na gaishe ta, na yi bayani.

Ta ce, "'Yar nan, wanda ya zube ma binne shi nake yi. Sai na ba baƙuwa?"

Na ɗauka tsoron sammu ne, har na fara rantse-rantse. Ta ɗaga mini hannu.

"Shekarar da yara suka yi ta mutuwa an zo an ɗebi jini, an kankare mana ƙasar tsakar gida, kuma sun dawo da magani. Ke in kin ga wani abu a gashin nan, za ki dawo ki faɗa mini?"

2010 take nufi, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a nan Zamfara. Na ce, "In sha Allahu, Iya." Bakina ya yi nauyi, don babu kuɗin komawa a tsarin aikinmu. Kuma na san gashi ya fi faɗar gaskiya kan zaibar da ake ci a kifi. Dalma kuwa ƙurarta na maƙalewa a jikin gashi, ko an wanke kafin a narkar da shi a asid, tana iya ruɗa awo. Jini ne ke raba gardama. Ban faɗa mata wannan ba, shi ne ke cina.

Ta karɓi almakashin, ta yanka da hannunta, ta miƙo mini.

Taya ta yi faci a hanyar dawowa. Umma ta kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Na rubuta kwatancen gidan a littafina: bayan masallaci, ƙofar langa-langa, da darbejiya a waje. Gobe da safe zan tari Malam, shugaban aikinmu, da maganar gwajin jinin yarinyar.