Kiwon bul teriya a Jos: ba kowa nake sayar wa ba

Kiwon karnuka nake yi a gefen Bukuru, ni da yaran da ke taya ni aiki. Muna haɗa barbara mu sayar da kwiyakwiyai, muna ajiye wa mutane karnukansu idan tafiya ta kama su, muna kuma bi gida-gida yin wanka da cire kaska. Ajiya da wanka su ne ke ɗora tukunya kullum. Cinikin kwikwiyo sai jefi-jefi, domin karya takan yi kwana 63 da ciki, kuma ba na barin tawa ta haihu a jere babu hutu. A cikin duk abin da nake kiwo, babu wanda ke jawo min doguwar magana da masu saye irin bul teriya.

Duk wanda ya shigo sai ya ja birki a gabansa. Kansa dogo ne sumul kamar ƙwai, babu lotsawa tsakanin goshi da hanci, idanu ƙanana masu kusurwa uku, kunnuwa a miƙe, jiki a murɗe tsoka zalla. Bai kai alsashiyan, karen nan na 'yan sanda, tsayi ba, amma babba yakan yi kilo 25 zuwa 30, kuma in ya fizgi igiya sai ka dage. Asalinsa Ingila. Kakanninsa karnukan faɗa ne, gaurayen buldog da teriya, tun zamanin da ake haɗa kare da bijimi ana kallo, wasan da aka haramta a 1835. Wani mai suna James Hinks a Birmingham shi ya tace irin a shekarun 1860, ya fito da fari tas wanda mutum zai iya zama da shi a gida. Masu launi daga baya suka samu karɓuwa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa fitbul ne, wani irin karen faɗa, alhali ba shi ba ne; dokar Ingila ta 1991 da ta hana fitbul ba ta taɓa shi ba.

A Jos, bayan abin da muka gani na rikice-rikice, kowa katanga yake so da kare a bayanta, kuma ban ga laifin kowa ba. Shi ya sa tambayar farko takan zama, “Yana cizo?” Ni kuma nakan ce, “Ranka ya daɗe, in mai gadi kake nema, zo in nuna maka rotwaila. Wannan ɗan tsakar gida ne.” Bul teriya yana da zuciya, zai tsaya wa mai gidansa, amma mutane yake so. Ka ɗaure shi da kaca a bakin ƙofa, ka riƙa miƙa masa abinci daga nesa, ka gama da shi. An taɓa kawo min wani ajiya da aka yi wa haka. Tun da aka sauke shi yake juyi yana bin wutsiyarsa, ba ci ba sha, har ƙafafunsa suka zana da'ira a ƙasa, bakin wutsiyar duk ya zama gyambo. Wannan juyi sanannen ciwo ne a irinsu, akwai gado a ciki, kaɗaici da ɗauri kuma suna rura shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin karen lafiyayye aka haife shi.

Saboda haka kafin a zo maganar kuɗi nakan yi tawa tambayar. Wa ke wuni a gidan? Wa zai fita da shi safe da yamma ya zazzage ƙarfinsa? Akwai kaji, ko kyanwa, ko ɗan akuya? Jinin teriya na farauta ne, abin da ya ruga a gabansa sai ya bi. Akwai wani namijin kare? Maza biyu a gida ɗaya sau da yawa faɗa ne. Yara kuwa yana ƙaunarsu, sai dai wasansa da ƙarfi yake, yana iya ture mai tatata ba da nufi ba, don haka ba a barinsu su kaɗai. Yana da taurin kai, kuma duka ba ya gyara shi. Ɗan nama a hannu da maimaici kullum su ke yi. Wasu sukan ji haushin tambayoyin su tafi. Gara haka, ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

'Yan'uwa Musulmi sukan tambaye ni hukuncin ajiye shi. Nakan ce wannan fagen malamai ne, a je a tambaye su tun kafin a saya. Abin da nake iya faɗa a nawa fagen shi ne ba dole sai ya kwana a ɗaki ba. In yana da rumfarsa a tsakar gida inda ake zama, ana kai da kawo, ana yi masa magana, ya wadatar.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne lafiya. Farare sun fi fuskantar kurumta tun daga haihuwa. Idan kwiyakwiyai sun kai mako biyar zuwa shida, nakan ware kowanne, in bari barci ya ɗauke shi, in tsaya ta baya in kaɗa makullai. Mai ji zai motsa kunne ya ɗago. Kurma ko gezau. Wanda kunne ɗaya ne ya mutu yana da wuyar ganewa ta haka, sai da na'ura. Kurma ba na haɗa shi barbara, ba na kuma ɓoye wa mai saye; yana koyon umarni da alamar hannu sarai. Akwai kuma ciwon ƙoda da na zuciya da ke bin jini, shi ya sa iyaye sai likitan dabbobi ya duba fitsarinsu ya saurari ƙirjinsu.

Yanayin Jos ma da nasa. Muna kan tudu kusan mita 1,200, ranar tsaka tana ƙona hanci da bakin kunnen farin kare har su yi ja, dole a sama masa inuwa. A Disamba da Janairu kuma gashinsa gajere ne, sanyi na shigarsa, sai mu ɗora katako mu shimfiɗa tsohon bargo. Da damina kaska ce abokiyar gaba. Kullum yarana sukan buɗe tsakanin yatsu da cikin kunne, su ɗaga leɓe su duba dasashi. In ya yi fari, jini ya ragu, sai asibiti. Rigakafi kuwa babu ragi: na fabo, mai sa kwikwiyo gudawar jini, daga mako shida, na haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Mun yi sa'a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda ke wurin tun 1924, tana kusa da mu.

Abincin buhu na waje ya bi dala ya yi sama, don haka mukan haɗa da dafawa: tsakin shinkafa, kayan ciki daga mayanka, ƙwai, karas da kabejin kasuwar Farin Gada. Albasa ba ta shiga, ƙashin kaza dafaffe ma haka. A kuma share tsakar gida, domin wannan kare mahaɗiyi ne. Ƙwallon mangwaro, totuwar masara, guntun silifas, duk yana iya haɗiyewa su toshe hanji, daga nan sai tiyata.

Kwikwiyo ba ya barin wurina sai ya cika mako takwas, da katin allurarsa a hannu, kuma mai saye ya ga uwar da idonsa, tunda masu tallar gauraye a intanet da hoton karen wani sun yi yawa. Sharaɗina na ƙarshe a rubuce yake: kare ne mai shekara goma ko fiye a gaba, in zama ya gagara, ko an yi canjin gari, a dawo min da shi, kada a kai shi kasuwa.