Godiya bayan kare kundina kan bakteriyofaj T7

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Asabar na kare kundin kammala karatuna a jami'a nan Damagaram, malamai kuma sun amince da shi. 'Yan uwa daga Birni da Zango da kuka cika ɗakin, wasu ma a tsaye bakin taga cikin wannan zafi, na gode, Allah ya bar zumunci.

Kawu ya ce ya sha tafi amma ko kalma bai gane ba. To Kawu, ga zancen. T7 ƙwayar cuta ce da ke kama bakteriyar E. coli, ba ta taɓa mutum. DNA ɗinta harafi wajen 40,000 ne, kuma ba a karanta shi gaba ɗaya. Akwai wuraren da karatu ke farawa, furomota, su ke tsara abin da zai fara da abin da zai jira. Na farkon, A1 da A2 da A3, injin karatun bakteriyar ne da kansa ke gane su, da haka yake ƙera wa baƙuwar nata injin, polimeras ɗin T7. Da ta samu nata, sai furotin gp2 ya toshe na mai gida. Sabon injin nan furomota 17 yake bi: na tsakiya su sa a ƙera furotin masu kwafar DNA, na ƙarshe, mafi ƙarfi, su sa a gina kai da wutsiyar sabbin T7. Kafin rabin awa bakteriyar ta fashe.

Malam mai duba aikina, nan ne bashinka ya fi nauyi a kaina. Kai ka tsare ni a gaban allo da alli a hannu, ka ce in faɗi dalilin da ya sa na ƙarshen ke rinjaye. Amsar tana wajen lisozim, wani furotin na T7, wanda ke rage wa injin kuzari har raunanan furomota su kasa. Wannan tambayar kuwa ita aka fara jefo mini ranar Asabar!

Inna, kunun da kike ajiye mini da dare, Allah ya biya ki da Aljanna. Yaya, kai ka ara mini kwamfutarka, kuma kuɗin buga kundin daga kabu-kabunka suka fito, ban manta ba. Abokan karatu da muka riƙa haɗa kuɗin intanet, Allah ya nuna mana taku.

Walima ranar Juma'a bayan la'asar a gidan Baba, kowa ya zo.