Daƙuwar da ta ci mini tayar gaba

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine babur na koma keke, kullum daga Kurna zuwa kasuwar Kantin Kwari a Kano. Cunkoson Titin Katsina na saba da shi, 'yan adaidaita sahu ma mun san halin juna. Abin da ke ci mini rai har yau, da hannuna na jawo shi.

Gab da magariba ne, kowa na sauri. Wata baƙar mota ta matse ni har madubinta ya goge mini gwiwar hannu, saura ƙiris in afka kwata. Maimakon ya ba ni haƙuri, direban sai ya danna mini hon, wai ni ne na tare masa hanya. Zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaga hannu na watsa masa daƙuwa, yatsu biyar cif, kuma ya gani ta madubi.

Nan take ya taka birki, ya yo baya. Ni kuwa ina kan sirdi, ƙafa ɗaya a feda, ban ma yi tunanin sauka ba. Bayan motar ya daki tayar gaba, ta lanƙwashe kamar faifai. Ya fito yana huci: "Uwata ka zaga?" Jama'a suka taru, kuma duk wanda ya zo, maganar daƙuwa yake ji. Babu wanda ya tambayi yadda aka kusa tura ni kwata. Ina da gaskiya, na mayar da kaina mai laifi da yatsu biyar.

Wani dattijo mai sayar da lemo ne ya raba mu. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, kai fata ce da ƙashi, shi ƙarfe ne. Ba shi haƙuri." Na bayar, maƙogwaro na ɗaci. Mutumin ya ja motarsa ya tafi, ko lambar ban riƙe ba, saboda idona ya rufe. Gyaran ya cinye kuɗin cefanen kwana uku, mai gyaran keken yana yi yana mini dariya.

Yanzu idan direba ya tsaya don rigima, sauka nake yi tun kafin ya buɗe ƙofa. In haye bakin shago ko kan kwalbati inda mota ba ta isa, keken yana tsakanina da shi. Ba na tsayawa gaban mota ko bayanta. Lambar nake karantawa a zuci har ta zauna, in ya so in an yi rauni a kira 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Bakina kuwa "Malam, yi haƙuri" kawai, ko da shi ne ya yi ganganci. Masu tifa da tirela ba na ma ja da su, sau da yawa ba sa ganin mai keke a gefensu, sai in tsaya su wuce.

Hannun ne dai har yanzu bai gama jin magana ba. Shekaranjiya wani ya sake matse ni wajen Ƙofar Ruwa, na ji yatsun suna neman buɗewa da kansu, sai na damƙe birki da su. Tayar nan kuwa ba ta koma daidai ba, in na saki gudu tana ɗan rawa.